Wutar da Ke Ƙarƙashin Sitika

Kwana huɗu Mufida ta yi tana kwana tana tashi da kalma ɗaya a kunnenta: ɓarawo. Da a kasuwa ta ji ta, da ta ce aikin maƙiya ne. A tsakar gidansu aka faɗe ta, daga bakin mahaifinta Malam Ibrahim, tsohon hedimastan da duk Gwandu an shaida ba ya ɗaga murya ko a kan ɗan aji ɗaya. Wanda aka jefa da kalmar kuwa Muzzammil ne, mutumin da saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Motar Baba, wata tsohuwar Korola ruwan toka da ya saya bayan ya ajiye aiki, ta fara kakkarwa kamar mai zazzaɓi, in an taka ta sai ta shaƙe. Muzzammil makaniki ne a Kalgo, irin waɗanda ba sa kwance ko ƙusa ɗaya sai sun soka wa mota na'ura sun ji ta bakinta. Ba shi da gareji, a ƙofar gidansu yake aiki. Ya zo ya ɗauki motar, ta kwana biyu a hannunsa, ya dawo da ita tana tafiya sumul. Baba har da rakiya da sa albarka.

Washegari, ranar Talata, sai ga wata wuta ruwan ɗorawa tana ci a gilashin gaban sitiyari, wadda direbobi ke kira wutar cek. Lawali ne ya nuna wa Baba, yayan Mufida, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne kuma ya kai motar Birnin Kebbi wajen makanikin abokinsa Abdulrasheed. Aka shiga ƙarƙashi aka ga tabon walda a jikin salansa. An farke, an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke ce wa indomi, an mayar an liƙe. Abu ne mai tsada, ɓarayin zamani kuma sun gano kasuwarsa.

To, wa ya riƙe mota kwana biyu? Ai ko ba a faɗa ba.

Baba ya sa aka kira Muzzammil. Ya zo ya durƙusa, ya ce shi bai ɗauka ba. Aka ce to wa ya ɗauka? Ya sunkuyar da kai. Sau uku Baba yana tambaya, sau uku yaron nan yana kallon tabarma. Wannan shirun shi ya ƙona wa Mufida rai fiye da zargin, don mai gaskiya ai kamata ya yi ya yi rantsuwa, ya yi kumfar baki, ya tara jama'a. Shi kuwa ya tashi ya kaɗe gwiwa ya koma Kalgo. Baba ya ce ranar Lahadi za a mayar da kayan sa rana.

Abdulrasheed fa? Dillalin motoci ne, shekara biyu yana neman Mufida tana ce masa a'a, da farko cikin ladabi, daga baya ba ladabin. Yanzu ga shi ya zama ɗan gida. Ya aiko cewa yau Asabar bayan la'asar za a zo a ɗauki motar, a sa mata sabon indomi kyauta, don darajar Baba. Mufida ta san darajar wa ake nufi.

Da sassafe ta yafa mayafi ta ce wa mahaifiyarta, Inna Maimuna, za ta Kalgo gaida gwaggo. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce ta gaida gwaggon, amma ita ba yarinya ba ce, ta san wace gwaggo ke ƙarƙashin darbejiya da sifana a hannu. Har Mufida ta kai zaure, Inna ta kira ta a hankali.

"Ɗiyata, ki bar wagga magana ta kwanta. Ba kowane tono ba ne alheri."

Mufida ta juyo ta dube ta. Inna ta ci gaba da tankaɗe.

* * *

Ƙofar gidan su Muzzammil kullum sai ka ratsa motoci uku ko huɗu kafin ka ga zaure. Yau fayau. Labari ya riga ta zuwa, kowa ya zo ya janye motarsa, har da waɗanda ba a gama musu ba. Tabon baƙin mai kawai ya rage a ƙasa. Shi kuma yana zaune a kan benci yana wanke fulogogin da kowa ya gani ya san wankakku ne.

Da ya gan ta ya miƙe, sai kuma ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya rame. Ita da ta zo da niyyar zazzage masa, sai tausayinsa ya kama ta.

Kafin su gaisa, mahaifiyarsa Ladi ta leƙo daga zaure. Mufida ta durƙusa har ƙasa. Tsohuwar ta amsa ba yabo ba fallasa, sannan ta faɗi abin da ke cikinta. Ta ce ita ba ta da abin faɗa a kan Mufida, amma marayan nan da hannunta ta raine shi, ko allurar wani bai taɓa shigo mata da ita ba. Ta rantse, in ba bakin da ya kira ɗanta ɓarawo ne ya tako har ƙofar nan ya janye ba, ko sun fasa mayar da kaya ita za ta aika a karɓo. Ta saki labule ta shige.

Malam Ibrahim ya tako Kalgo ba wa ɗan cikinsa haƙuri? Mufida ta san wannan sharaɗi daidai yake da an ce an fasa.

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ba ta tambaye shi ko ya ɗauka ba, ta san amsar. Malamar lissafi ce, ta fi gane wa tambayar da ke da lamba. Kuma a wata takwas da ya yi yana zuwa zance, sauran 'yan mata suna samun turare da atamfa, ita wata 'yar shuɗiyar na'ura ya ba ta, ba ta fi akwatin ashana ba. A jikin motarsa ya koya mata yadda ake soka ta ƙarƙashin sitiyari, a haɗa da waya, mota ta faɗi ciwonta da lambobi. Ƙawayenta sun sha yi mata dariya, wai saurayinta zai mayar da ita 'yar gareji.

"Ranar da ka soka wa motar Baba, lamba nawa ta ba ka?"

Ya ce biyu. Ta farko silinda ta biyu ce ba ta kama wuta, ita ke sa kakkarwar. Ya sauya koyil ɗin, abin da ke ba fulogi wuta, zuwa ta uku, ciwon ya bi shi, ya tabbata shi ne, ya sa sabo. Yana bayanin har muryarsa ta fara dawowa, irin ta mutumin da ya san aikinsa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ta biyun fa? Ya koma kan fulogoginsa.

"Ka goge?"

"Kin san ba ni goge abin da ban gyara ba."

Maganar na fita ya gane ya yi suɓul da baka. Ya ɗago da sauri, amma ta riga ta kama. In bai goge ba, duk abin da motar ta gani yana nan cikin ƙwaƙwalwarta. Shi ya taɓa nuna mata cewa mota ba ciwon kawai take riƙewa ba, tana ƙirga ko kilomita nawa ta yi tun da wutar cek ta kama.

"Mufida, don girman Allah kar ki soka."

"Don mi?"

"Don abin da za ki gani ba ya goguwa. Ni na gani tun ranar hwarko. Na samu mai abin mu biyu, na ce mai ya mayar kahin Baba ya sani, ni ba ni hwaɗa ma kowa. Na ɗauka sutura na yi. Ashe lokaci na ba shi ya riga ni."

Bai ambaci suna ba. Babu ma buƙata. Mutum biyu ne ke taɓa makullin motar nan a gidansu, ɗayan kuma shi ne mai ita. Mufida ta ji sunan ya taso mata har maƙoshi, ta haɗiye shi. Wanda ya goya ta ya kai ta makarantar allo, wanda ya taɓa fasa wa wani baki don ya ja mata ɗankwali. Hawayen da take riƙewa tun Gwandu suka ɓalle.

Ya ce kwana huɗu yana aunawa. In ya faɗa, ya shiga gidansu a matsayin wanda ya tsiraita ɗansu namiji tilo, Inna ba za ta ƙara iya kallonsa ba, ita kuma Mufida ta zauna tsakanin miji da dangi har abada. In ya yi shiru, ya rasa ta, amma gidansu na nan a rufe. Ya ce suna dai ana wanke shi da aiki, ko da shekara goma ne.

"Kai ka auna, kai ka yanke," ta ce tana kuka. "Ni wa ya tambaye ni? Ka bar ni in zauna gaban Abdulrasheed ina zuba mai ruwa, ina sane kai ba ka yi komi ba? Ka ɗauka sadaka ka yi da sunanka. Da ni ka yi sadakar, Muzzammil."

Ya rufe fuska da tafin hannunsa mai warin fetur. Kafaɗunsa suna motsi. Ba ta taɓa ganin ya yi kuka ba, kuma ba ta so ganin ba.

Kiran sallar azahar ne ya farkar da ita. Bayan la'asar za a zo ɗaukar mota, kuma kowane mai walda kafin ya kunna wuta sai ya cire kan batir. Ana cire kan batir, ƙwaƙwalwar mota ta koma fara tas. Ta miƙe ta gyara mayafi. Ya biyo ta yana roƙo har bakin titi, ta tare ɗan kabu-kabu ta ce tasha, ba ta waiwayo ba.

* * *

Wanda bai taɓa sauri a motar haya ba bai san baƙin ciki ba. Sai da aka jira cikon mutum biyu a Kalgo, aka sake mota a Birnin Kebbi, aka tsaya ɗora wa wani buhunan albasa, direban kuma ya tsaya gaisawa da wani kamar sun shekara ba su haɗu ba. Mufida ta ƙanƙame jakarta, 'yar na'urar na ciki. Tun jiya ta sa ta, ita kanta ba ta san dalili ba. Duk hanya tana addu'a biyu masu karo da juna: Allah ya sa ta iske motar, Allah kuma ya sa lambar ta ƙaryata zuciyarta.

Ana sallame la'asar ta sauka daga kan babur a bakin layinsu. Motar na nan. Amma bonet a buɗe yake, Lawali ya sunkuya ciki, da sifana lamba goma a hannunsa.

Ba ta san ta iya gudu da zani haka ba. Kafin ya ɗora sifanar a karo na biyu ta dafe kan batirin da tafin hannunta. Ƙusar har ta ɗan saki.

Ya ce mene ne haka? Ya ce farin gishirin nan ne ya taru a kan batir zai kankare, kar a kai motar mutane su ce ƙazamai ne. Lawalin da tun da aka sayi motar bai taɓa duba mata ko ruwa ba. Ta dube shi, ya kau da ido, nan ta gane Inna ta gaya masa inda ta je, shi kuma wani ya gaya masa abin da cire batir ke yi.

"Ɗauke hannunki," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Sai dai ka kwance da shi, Yaya."

Ya kama wuyan hannunta ya murɗa. Ta cije leɓe, ba ta saki ba. A haka Baba ya same su, yana dawowa daga masallaci da carbi a hannu. Ya tsaya yana kallon 'ya'yansa biyu, manya, suna kokawa a cikin injin mota a kan titi.

Lawali ya riga ta magana. Ya ce Kalgo ta je ba da izini ba, ɓarawon nan ya hure mata kunne, ta dawo za ta yi wa mutane hauka. Fuskar Baba ta haɗe. Ya ce ta shige gida.

Mufida ta durƙusa a nan cikin ƙasa, hannu ɗaya har yanzu a kan batir. Ta amsa laifinta na zuwa Kalgo, ta ce duk hukuncin da ya yanke ta ɗauka. Minti biyar kawai take roƙo.

"Baba, kai ka koya min ba a ba yaro sihiri a jarrabawa sai an duba aikin da ya yi. Ka duba wanga aiki. In ya hwaɗi, ni da kaina zan ɗauki kayan gobe in kai mota."

Tsohon malami ne, an taɓo shi inda yake da rauni. Ya saka carbi a aljihu. Sannan ya ce wa Lawali ya ɗaure ƙusar nan ya ja baya, ya miƙa mata makulli.

Ta shiga ta laluba ƙarƙashin sitiyari har yatsunta suka samu ramin, ta soka na'urar. Ta murɗa makulli ba ta tayar da inji ba. Fitilun gilashin suka kawo. Wayarta ta shiga juya ɗan da'irar nan na jira, yana juyawa, yana juyawa, har gumi ya fara bin bayanta. Can sai ga lambobi. Ta farko ta silindar da aka gyara ce, ta wuce ta. Ta biyu P0420. Ta ce wa Baba wannan na nufin abin tace hayaƙi ba ya aiki.

Lawali ya yi dariya. Ya ce to ai shi ke nan, na'urar saurayin nata ma ta ba da shaida a kansa.

Ba ta kula shi ba. Ta shiga ɗaya shafin, ta gangara a hankali har layin da take nema. Ta gani. Ɗan guntun fatan da ya rage mata har zuwa wannan lokaci ya ƙare.

Ta ɗago. A bakin zaure Inna na tsaye, rabin jikinta a bayan ƙyaure. Kai take girgizawa, idanunta cike da roƙo. Abu ne mai sauƙi. Ta ce wayar ta ƙi haɗuwa. Ko ta danna jan maɓallin da ke ƙasa, komai ya goge, ba wanda zai taɓa sani sai mutum huɗu. Babban yatsanta ya tsaya a saman maɓallin. Ta tuna ƙofar gidan nan ta Kalgo, fayau, da tabon baƙin mai.

Ta miƙa wa Baba wayar da hannu biyu.

Ya ciro tabarau ya sa. Ta nuna masa layin, ta ce wannan tafiyar da motar ta yi ke nan tun ranar da wutar ta kama. Ya karanta a fili, dalla-dalla, kamar yana gaban allo: kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ba wanda ya ce masa ya yi lissafi, jininsa ne. Kalgo zuwa da dawowa, a ce ɗari da hamsin. Birnin Kebbi zuwa da dawowa, a ce ɗari da ashirin. Tun daga nan motar ba ta motsa ba. Ko an yi wa Muzzammil rashin adalci an ninka, ba a kai ɗari shida ba. Ragowar fa? Shi dai iyakarsa masallacin Juma'a, gonarsa ta Dalijan, sai kasuwar Dodoru jefi-jefi. Tafiya mai nisa ɗaya motar nan ta yi a bana, sati shida da suka wuce, da Lawali ya are ta zuwa bikin abokinsa a Kaduna.

Lawali bai daburce ba, abin da ya ba Mufida tsoro ke nan.

"Baba, kai ka tuƙa motar ga kullum. In da wuta na ci sati shida, ba ka gani? Ran Talata munka gan ta, ni da kai. Abin roba na ƙarya, Baba, shi ya shirya mata shi."

Baba ya juyo ya dubi Mufida. Gaskiya ne, shi bai taɓa ganin wuta ba sai Talata. Wannan Muzzammil bai gaya mata ba, na'urar ma ba ta sani ba. Ta tona yayanta a gaban ubansu, kuma ga shi za ta tashi a tutar babu.

Baba ya ce ta fito. Ya shiga ya zauna a mazauninsa, ya riƙe sitiyari kamar zai tuƙa, ya ƙura wa wutar ido. Sannan ya miƙa babban yatsa ya shafa gilashin daidai kanta. Yatsan ya ɗan manne. Ya sake shafawa. Danƙo ne, shatinsa mai kusurwa huɗu, ƙura ta bi gefensa ta zana shi, wutar kuma tana tsakiya cif.

A hankali idonsa ya koma dama. Can kusa da rediyo wata koriyar sitika ce ta addu'ar shiga mota, gefenta ɗaya ya ɗago, alamar an ɓamɓare ta daga wani wuri an sake mannawa. Mufida ta san ta. Duk gidan an san ta. Tsarabar da Lawali ya kawo wa Baba ce daga Kaduna, shi ya liƙa ta da hannunsa a gilashin gaban sitiyari, wai don idon Baba ya riƙa sauka a kanta kafin ya tayar. Baba ya yi ta nuna wa abokansa, yana cewa yaron ya fara hankali. Wa zai ga addu'a ya ce bari ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashinta?

Baba ya cire tabarau. Muryarsa ba ta tashi ba, gara ma da ta tashi.

"Da addu'a ka ruhe ta, Lawali? Sati shida, kullum in na shiga sai na karanta, in sa maka albarka."

Sifanar ta faɗi a ƙasa. Lawali ya zube a gefen taya, magana na fita a guntu-guntu. Wai a Kaduna ne, abokai kowa na ɓarin kuɗi a wajen biki, wani ya nuna masa hanya. Wai ya yi niyyar mayarwa. Wai da Muzzammil ya same shi tsoro ne ya kama shi, ya gaya wa Abdulrasheed, shi kuma ya ce ya kwantar da hankalinsa, abin ma zai yi musu amfani su biyu. Baba bai dube shi ba. Sai ya tambayi Mufida ko yaron nan na Kalgo ya sani. Ta ce tun ranar farko.

"Ya sani, na kira shi ɓarawo sau ukku, yana kallon tabarma."

Ya faɗa ne kamar mai gaya wa kansa. Ta dubi hannun da ya riƙe alli shekara talatin da biyar, yau ga shi dafe da sitiyari. Tausayinsa ya kama ta har ta ji ina ma ba ta zo ba. Duk da haka ta daure ta isar masa da rantsuwar mahaifiyar Muzzammil, kalma da kalma, tana jiran ya fusata.

Wayar Lawali ta yi ƙara a aljihu. Abdulrasheed ne, yana tambaya ko yaransa su taso. Baba ya ce a gaya masa ya bar shi, motar tana da makaniki.

Ya fito ya zagaya ɗaya gefen, ya gyara hularsa, ya ce wa Lawali ya tashi ya rufe bonet ya shiga ya tuƙa. Kalgo za su, kuma yana so su isa da sauran rana, yadda maƙwabtan da suka ji an ce ɓarawo za su ga wanda ya zo. Lawali zai faɗi nasa da bakinsa, shi ma zai faɗi nasa. Mufida ta sunkuya za ta zare na'urarta, ya ce ta zare, amma kar ta goge komai. A bar wutar tana ci.

Motar ta tashi. Ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana.

Zauren ya yi mata tsawo. Inna na zaune a bakin murhu, wutar ta mutu ba ta gyara ba. Mufida ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Inna." Ta sake kira, muryarta ta karye. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa a ce ta zaɓi namiji ta sayar da ɗan'uwa.

Inna ba ta dube ta ba. Toka take tonawa da ɗan itace.

"Tun randa ya dawo Kaduna nike jin warin hayaƙin motar ga ya sake, ga sabuwar waya hannunai. Na sani. Ni na haihe shi, shiruna dole na. Shi yaron Kalgo, mi ya haɗa shi da ɗana da zai ɗaukar mai wanga kaya?"

Ta goge ido da bakin zani. Ta tura buta da ƙafa zuwa gaban Mufida, ta ce ta wanke hannunta, duk baƙin mai ne. Har yanzu ba ta dube ta ba, kuma Mufida ta san za a kwana biyu kafin ta duba.

Tana cikin wankewa wayarta ta yi ƙara. Kira na bakwai ke nan daga Muzzammil tun da ta baro Kalgo. Ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Da ya ji numfashinta sai ya ce, "Kin soka ke nan."

"Na soka."

Ta ji ya sauke numfashi mai nauyi, ba ta san na fushi ba ne ko na me. Ba ta jira ta sani ba.

"Ka ce ma Mama ta shimhiɗa tabarma a ƙohwar gida. Bakin da tac ce, shina hanya."